Fela Sowande: Makaɗin Cocin Da Ya Yi Wa Majigi Kiɗa

Mai karatu, na san da ka ga sunan Fela a saman shafin nan zuciyarka ta tafi wajen wancan Felan na Legas, mai busa sanye da ɗan kamfai, wanda ya sha artabu da sojoji har ya bar duniya a 1997. To ba shi ba ne. Wannan Felan ya girme shi da shekara 33, kuma shi a coci ya koyi kiɗa, a coci ya yi suna. Cikakken sunansa Olufela Obafunmilayo Sowande, mutumin da masana ke kira uban rubutaccen kiɗan zamani a Nijeriya.

Za ka iya cewa, "Malam, mu da muka sayi mujalla don labarin fim da littafi, me ya haɗa mu da Bayarabe makaɗin coci?" Tambayarka tana kan hanya. Amma ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni. Idan kakanka ya taɓa zama a ƙasa da daddare yana kallon majigi a zamanin Turawa, to ya kalli irin finafinan da mutumin nan ya yi wa hidima. Bayan haka, rigimar da muka shekara da shekaru muna yi a kan waƙoƙin finafinanmu, wato batun aro da kwaikwayo, ita ce ta cinye rayuwar Sowande tun daga ƙuruciya har tsufa. Ya kamata mu ji yadda shi ya ƙare da ita.

MENE NE OGAN?

Bari mu fara da kayan aikin. In ka taɓa ratsa tsakiyar Kaduna da safiyar Lahadi, ka wuce kusa da manyan majami'u irin su St. Michael's, babu mamaki ka ji wani sauti mai kauri yana rakiyar muryoyin jama'a, ba ya yankewa kamar na ganga, sai dai ya yi ta malala. Wannan salon kiɗan ogan ne, ko da kuwa da fiyano na lantarki ake yin sa yanzu.

Asalin ogan da iska yake aiki. Ka ɗauka an jera sarewa ɗaruruwa, a wasu wuraren ma dubbai, an kafa su a tsaye jikin bango. Wata ba ta wuce fensir ba, wata ta fi tsawon mutum uku. A ƙarƙashinsu akwai akwatin iska da zugazugi irin na maƙera. Kafin zuwan lantarki mutum ake sawa ya yi ta zuga, in ya gaji ya tsaya, kiɗa ya mutu. Shi kuma makaɗin yana zaune gaban jerin maɓallai hawa biyu, uku, ko huɗu. Ƙafafunsa ma suna da nasu jerin na katako a ƙasa, su ke fitar da sautin nan mai girgiza ƙirji. Dama da hagu akwai wasu ƙwayoyi da ake jawowa don a zaɓi rukunin bututun da za su yi magana. Ka ga kenan hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da abin da yake yi, ido kuma yana kan takarda. Shi ya sa Turawa ke yi masa kirari da sarkin kayan kiɗa.

Ƙananan coci-coci da ba su da kuɗin wannan katafaren abu sai suka riƙa amfani da ƙanensa, hamoniyam. Kai da ka saba kallon finafinan Indiya ka san shi sarai: akwatin nan da mawaƙi ke zama a ƙasa yana zuga shi da hannu ɗaya, yana dannawa da ɗayan. Turawa ne suka kai shi Indiya a ƙarni na 19, Indiyawa suka gyara shi ya dace da zamansu na ƙasa, har ya zama kamar nasu na gado. Kai, ko kamfanin Yamaha da fiyanonsa ya riƙe situdiyoyin Kano da Kaduna, daga nan ya faro: a 1887 wani Bajafane mai suna Torakusu Yamaha ya gyara wani ƙaramin ogan da ya lalace a wata makaranta, daga nan ya shiga ƙera nasa. Ashe fiyanon da aka buga mana waƙoƙin Sangaya da shi jikan ogan ne, ko mun sani ko ba mu sani ba.

YARON PHILLIPS

An haifi Fela Sowande ran 29 ga Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin cocin Angilikan ne, kuma yana cikin waɗanda suka fara ƙoƙarin shigar da waƙoƙin Yarabanci cikin ibadar coci. Yaron ya yi karatu a Legas, a makarantar CMS Grammar School da kuma King's College. Amma makarantar da ta fi tasiri a rayuwarsa ita ce ƙungiyar mawaƙan babbar majami'ar Christ Church, inda ya faɗa hannun wani malami mai suna Thomas King Ekundayo Phillips.

Shi Phillips (1884 zuwa 1969) ya yi karatun kiɗa a Trinity College da ke Landan, ya dawo ya karɓi ogan ɗin majami'ar a 1914, bai sauka ba sai 1962. Shekara 48 kenan a kujera ɗaya. A wajensa Fela ya san ayyukan manyan makaɗan Turai irin su Bach da Handel, ya kuma koyi karanta kiɗa a takarda. E, mai karatu, kiɗa ma ana rubuta shi. Layi biyar ake ja a kwance, a riƙa ɗora ɗigo-ɗigo a kansu. Wurin da ɗigo ya zauna shi ke nuna hawa ko saukar murya, siffarsa kuma ta nuna tsawon lokacin da za a riƙe ta. Wanda ya iya karatun, ko bai taɓa jin kiɗan ba, zai buga shi daidai yadda mai shi ya nufa, ko da mai shi ya shekara ɗari uku a kabari.

Akwai wata matsala da ta dami su Phillips, wadda Bahaushe zai gane ta nan take. Yarabanci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa. Ka dubi "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Baƙaƙen iri ɗaya ne, hawa da saukar murya ce ta raba su. To 'yan mishan sun ɗauko waƙoƙin ibadarsu na Ingila suka fassara, suka ɗora kalmomin Yarabanci a kan karin Turawa. Inda harshe ke son murya ta hau, sai karin waƙar ya saukar da ita, ma'ana ta birkice. Maganin da su Phillips da Rabaran J.J. Ransome-Kuti, kakan wancan Felan, suka kawo shi ne a ƙirƙiri sabon kari wanda ke bin kalmomin. Ka riƙe wannan batu, za mu dawo gare shi.

DARE A KULOB, RANA A MAKARANTA

Tun yana Legas Sowande ya kamu da son jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka, wanda ya riƙa kamawa a rediyo mai gajeren zango, har ya shiga buga shi a ƙungiyoyin rawa na gari. A tsakiyar shekarun 1930 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniyan gine-gine. Ba tallafin gwamnati gare shi ba, don haka sai ya riƙa buga fiyano a kulob-kulob da daddare don ya samu na abinci da na haya. Ba a daɗe ba ya gane cewa abin da ya ɗauka sana'ar wucin gadi shi ne ainihin aikinsa. Ya ajiye injiniyanci.

A 1936 ya shiga wani babban wasan dandamali na baƙaƙen Amurka mai suna Blackbirds, inda ya buga sanannen kiɗan George Gershwin, Rhapsody in Blue. A nan ya haɗu da J. Rosamond Johnson, wanda ya buɗe masa ido a kan waƙoƙin ibada da bayi baƙar fata suka ƙirƙira a gonakin Amurka. Ya buga tare da Fats Waller, ya kuma zama makaɗin shahararriyar mawaƙiya Adelaide Hall, suka yi fayafayi tare. A lokacin ne ogan na lantarki ƙirar Hammond ya fito, a 1935, kuma Sowande yana cikin waɗanda suka fara yin suna da shi a Ingila.

Wani da ya samu irin wannan kasuwa da sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa da rana yana wajen malamai irin su George Oldroyd da George Cunningham yana haddar ogan na gaske. A 1943 ya ci jarrabawa mafi girma ta ƙungiyar masu kiɗan ogan ta Ingila, wadda ake taƙaitawa FRCO, har da kyaututtukan zarra. Ya kuma samu digirin kiɗa na Jami'ar Landan. Ka tuna fa, wannan zamani ne da Bature ke ganin baƙin mutum ganga kawai ya iya.

INDA YA HAƊU DA MAJIGI

Ga inda labarin ya iso ƙofar gidanmu. A 1939, shekarar da Yaƙin Hitila ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa wani sashe mai suna Colonial Film Unit, aikinsa shirya finafinai don mutanen ƙasashen da take mulka. Wanda aka ɗora a kai shi ne William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Nijeriya, wanda ya daɗe yana amfani da fim wajen koyar da tsafta a Legas. Sowande ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila, amma Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta nemi a sako shi ya zo ya kula da harkar kiɗa a wannan sashe.

Finafinan sashen su ne ake lodawa a mota a yi ta yawo da su gari-gari. Dattawanmu sun san tsarin: mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a tada janareta bayan sallar magariba, tafinta ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Darussan ba su wuce tsafta, noma, biyan haraji da labarin yaƙi ba. Mu faɗi gaskiya, farfagandar mulkin mallaka ce, kuma an gina ta a kan zaton cewa ɗan Afirka ba ya gane fim sai an tauna masa. Duk da haka daga wannan gida ne harkar fim ta gwamnati ta tsiro a Nijeriya. Gwamnatin Jihar Arewa ta zo ta yi nata sashen a nan Kaduna, kuma ta wannan hanya aka samu irin su Adamu Halilu, wanda ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976.

Aikin ya amfani Sowande ta wata fuska. Don ya samu kiɗan da zai dace da masu kallo, dole ya shiga tattara kare-karen waƙoƙin Afirka ta Yamma, yana rubuta su, yana gwada yadda za su zauna a kan kayan kiɗan Turawa. Ya kuma riƙa yin bayani a kansu a shirye-shiryen BBC da ake watsowa Afirka. Ɗan Nijeriya kenan yana tunanin wane kiɗa ya dace da wane hoto, kusan shekara 50 kafin Tumbin Giwa su fitar da Turmin Danya a 1990.

OBANGIJI

Daga 1945 zuwa 1952 Sowande ya zama mai kiɗan ogan kuma shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, wata babbar cibiyar cocin Methodist a tsakiyar Landan. Baƙin mutum daga Nijeriya yana jagorantar kiɗan ibadar Turawa a cikin birninsu. A wannan zango ya rubuta da yawa daga ayyukansa na ogan. Akwai Yoruba Lament, da Kyrie, da Jesu Olugbala, da Ka Mura, daga baya kuma Oyigiyigi da Gloria. Kamfanonin ɗab'i irin su Chappell da Novello a Landan, da Ricordi a New York, suka buga su.

Ɗaya daga ciki sunansa Obangiji. Sake karantawa. Kalmarmu ce, Ubangiji, Yarabawa suka ara tun zamanin fatake, ta zauna a bakinsu har ta shiga waƙoƙin ibadarsu. Yau in wani makaɗi a Amurka ko Jamus ya buɗe wannan takarda, kalmar Hausa ce ke kallonsa a saman shafi, bai ma sani ba.

Yaya yake aikin? Zai ɗauko karin wata waƙa da kowace tsohuwa ta sani a gida, ya fara gabatar da ita a fili yadda za ka gane ta. Sai ya shiga juya ta: ya ba ƙafafu su ɗauke ta da murya mai kauri, hannu yana yi mata ado a sama, ya rage mata gudu, ya sa wata murya ta fara, wata ta biyo ta a baya kamar amshi. Dabarun ginin na Turai ne, tubalin na gida.

Ku masu karatun littafi kun san wanda ya yi irin wannan aiki ta ɗaya ɓangaren. Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Larabawa, Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce, har yaro ya rantse a Katsina abin ya faru. Imam ya shigo da baƙo ya mayar da shi ɗan gida. Sowande ya ɗauki ɗan gida ya fita da shi duniya. Dukansu aro suka yi, amma ba wanda zai kira su masu kwafe, domin kowannensu ya san abin gidansu ciki da waje kafin ya miƙa hannu waje.

Aikinsa da ya fi shahara shi ne African Suite, wanda ya rubuta a 1944 don rukunin masu goge irin na Turawa, manya da ƙanana. Kashi biyar ne: Joyful Day, Nostalgia, Lullaby, Onipe da Akinla. Biyu daga ciki ya gina su a kan waƙoƙin Ephraim Amu na ƙasar Gana. Nostalgia kuwa kewar gida ce ta mutumin da yaƙi ya tsare a ƙasar sanyi. Kamfanin Decca ya naɗe shi a faifai. Kashin ƙarshe, Akinla, ya zama taken wani shirin rediyo a Kanada mai suna Gilmour's Albums, wanda ya shekara 40 ana yi. Mutanen Kanada da yawa sun girma da wannan kari a kunne ba tare da sanin daga Nijeriya ya fito ba.

KOMAWA GIDA

A 1953 ya tattara ya dawo, aka ba shi shugabancin sashen kiɗa na hukumar rediyon Nijeriya, wadda ke da rassa a Ibadan, Enugu da nan Kaduna. Ya yi amfani da kujerar wajen naɗar kiɗan gargajiya da shirya shirye-shirye a kansa, a lokacin da 'yan boko da yawa ke ganin kiɗan gida abin kunya ne. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar MBE a tsakiyar shekarun 1950.

Da 'yancin kai ya ƙarato a 1960 sai ya rubuta babban aikinsa, Nigerian Folk Symphony. A nan ne ciwon ya fito fili. Irin wannan kiɗa yana bukatar makaɗa masu yawan gaske, kowa da takardarsa, kuma ƙasar ba ta da irin wannan ƙungiya. Ƙungiyar makaɗan garin Bournemouth ta Ingila ce ta buga shi. Kiɗan murnar rabuwa da Ingila, sai Ingila ce ta iya kaɗa shi. Ko taken ƙasar da aka rera ran 1 ga Oktoba, wanda aka dawo da shi a 2024, Turawa mata biyu ne suka yi shi, ɗaya kalmomi, ɗaya kari.

Daga 1962 ya koma bincike a Jami'ar Ibadan, ya nutsa cikin al'adu da tunanin Yarabawa na dauri. Sannu a hankali rubutun kiɗa ya ja baya, nazari da koyarwa suka cinye lokacinsa. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar Howard, daga nan Pittsburgh, daga nan Kent State. An ba shi sarautar gargajiya a Legas, Jami'ar Ife ta ba shi digirin girmamawa a 1972, aka kuma sa wa makarantar kiɗa ta jami'ar Nsukka sunansa. Ya mutu ran 13 ga Maris, 1987, a garin Ravenna na jihar Ohio, yana da shekara 81. A can jihar Ohio aka binne shi.

ƊAN JOS

Ba za a rufe labarin nan ba a ambaci almajirinsa ba, domin shi a Arewa aka yanke masa cibiya. Ayo Bankole an haife shi a Jos ran 17 ga Mayu, 1935, lokacin da mahaifinsa ke kiɗan ogan a cocin St. Luke's. Aka kai shi Legas yana yaro, shi ma ya bi ta hannun Phillips. Ya kama aikin akawu a gidan rediyo, a nan Sowande ya gan shi, ya ja shi a jiki. Ya yi karatu a makarantar Guildhall ta Landan, da Clare College a Jami'ar Cambridge, ya ci FRCO shi ma, sannan ya leƙa Amurka nazarin kiɗan al'ummomi. Ya dawo a 1966, ya yi aikin rediyo, daga 1969 kuma ya shiga koyarwa a Jami'ar Legas.

Bankole ya fi malaminsa ƙarfin hali wajen gwaje-gwaje. Ya haɗa gangunan gida da kayan Turawa a dandamali ɗaya, ya kuma kula ƙwarai kada kari ya karya kalma. Ya rubuta wani babban aiki mai suna Festac Cantata. Allah Sarki, bai ga bikin ba. A watan Nuwamba 1976 wani ɗan'uwansa ya kashe shi tare da matarsa a Legas, yana da shekara 41. Bayan 'yan watanni aka buɗe FESTAC 77, dawaki suka cika Kaduna don hawan daba.

A namu ɓangaren kuma akwai Bala Miller (1928 zuwa 2003), ɗan limamin coci Bazazzagi, wanda ya tashi cikin kiɗan majami'a, ya zo ya riƙe kulob ɗin Costain a nan Kaduna, ya yi waƙoƙin Hausa da kayan busa na Turawa har shirinsa ya zaga ƙasa a talabijin. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama mana kamar katanga, kowa ya ja nasa gefe. Tarihin kiɗa yana tuna mana cewa garin nan ya taɓa zama wurin da kunnuwa ke cuɗanya.

TO, MU INA RUWANMU?

Kada in yi maka kwalliya da yawa. Sowande bai ci nasara ta kowace fuska ba. Ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi ka tambayi masu tura waƙa a waya ko suna da African Suite, ka ga irin kallon da za su yi maka. Kiɗansa ya tsaya a coci, jami'a da zauren 'yan boko. Talakan da aka ɗauko karin waƙar daga bakinsa bai ji abin da aka yi da ita ba. Mamman Shata bai san ɗigo ko ɗaya a takarda ba, amma ranar da ya rasu a 1999 duk ƙasar Hausa ta girgiza. Ta wannan ma'auni kalangu ya kada ogan.

Sai dai akwai wani ma'aunin. A watan Agusta 2021, shekara 34 bayan mutuwar Sowande, ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku ta kafa a Ingila, ta buga African Suite a zauren Royal Albert Hall, cikin bikin kiɗan BBC Proms. Da yawansu ba a ma haife su ba lokacin da ya mutu. Takarda ce ta sada su da shi. Mu fa? Kalmomin waƙoƙinmu an yi ƙoƙari a kansu. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun tattara su a littattafai. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Amma shi kiɗan kansa, yadda kalangun Shata ke amsa masa, yadda kotson Ɗanƙwairo ke shiga tsakanin amshi, yadda kuntigin Ɗanmaraya da gurmin Haruna Uji ke magana, kaɗan ne ƙwarai aka rubuta. Yana cikin tsofaffin fayafayi da kaset, waɗanda zafi da ƙura ke ci kullum, da kuma hannun dattawan da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. A titin Yakubu Gowon muna da gidan rediyo da gidan adana takardun tarihi, a titin Rabah muna da Gidan Arewa. Wurin ajiya ba shi ne matsalarmu ba, masu aikin ne ba mu tanada ba.

Sai batun da na ce ka riƙe. Sau nawa ka ji waƙar fim an ɗauko karin Indiya an cusa masa Hausa da ƙarfin tsiya, an ja wasalin da ba a ja, an danne wanda ya kamata a ɗaga, har sai ka saurara sau uku kafin ka gane me ake cewa? Cutar da su Phillips suka yi fama da ita kenan shekara ɗari da suka wuce, mu kuma muka sayo ta da kuɗinmu. Ba aron ne laifi ba. Indiyawan ma hamoniyam aro suka yi. Laifin shi ne a bar baƙo ya kori mai gida. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Haka kuma kiɗan da ke rakiyar fim a ƙarƙashin magana. Furodusa zai kashe kuɗi a kan waƙa uku da rawa, amma wurin da uwa ke kukan ɗanta sai a ciro sauti daga wani fim na waje a manna. Me zai hana a kira mai gurmi ko mai sarewa, a zauna da shi a gaban hoton, a tsara abin da ya dace da wurin? Sana'a ce mai zaman kanta, kuma Sowande ya yi ta tun zamanin majigi.

Don haka, ɗan'uwa mai fiyano a situdiyo, yatsunka sun riga sun iya. Ka ƙara da karatun takardar, ba ta fi Turancin da ka koya wuya ba. Ka je wajen tsohon makaɗin unguwarku tun yana da rai, ka naɗa, ka rubuta, ka tambaye shi sunan kowane kiɗa da dalilinsa. Kai kuma mai karatu, in ka samu data, ka nemi Akinla a YouTube, 'yan mintoci ne. Ka saurara da kunnen basira, sannan ka tambayi kanka yadda karin Barmani Choge zai kasance in ya samu wanda zai yi masa irin wannan hidima.

Allah Ya ba mu masu yi.